Majinyacin da Bai Yi Ihu Ba

Masallacin da ya fi kowane gini suna a Unguwar Sarki ta Kaduna, wanda aka gina a 1962 zamanin Sardauna, sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake ɗauke da shi. Masu sallah a cikinsa sun san Bello ɗan Shehu ne, mayaƙi, marubucin tarihi, wanda ya riƙe daular Sakkwato daga 1817 zuwa 1837. Kaɗan ne ke tuna cewa ya yi rubuce-rubuce a kan magani, daga ciwon ido da basir har amfanin filasko wajen wanke ciki. Wanda ya tashi daga nan ya miƙa kudu ya ƙetare gadar kogin Kaduna, ba zai jima ba zai isa Barnawa, inda asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yake. Tafiyar ba nisa, amma akwai majinyacin da da wuya ya yi ta. Ita ce matar da abinci ya fita ranta, ta bar kitso, ta bar leƙa maƙwabta, take farkawa tun kafin assalatu da nauyi a ƙirji ta kasa komawa barci. Shi ne magidancin da ya bar zuwa majalisa, ya bar buɗe shago, yake ganin iyalinsa za su fi samun sauƙi in babu shi. Ciwon damuwa ke nan, kuma a tarihin Arewa an daɗe ba a ganinsa. Yau da ake yayata binciken da ke nuna bambanci a ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo, wasu na zaton na'ura muka rasa shi ya sa ba mu gan shi ba. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Abin da ya ɓoye ciwon shi ne duk wata ƙofa da aka buɗe wa mai taɓin hankali a ƙasar nan, ta gargajiya da ta Turawa da ta gwamnatin 'yan ƙasa, don mai hayaniya aka buɗe ta. Kuma karon farko da aka kawo maganar ƙwaƙwalwa cikin wannan batu a Afirka, an kawo ta ne don a musanta ciwon.

Likitocin Musulmi na farko ba su jahilci wannan cuta ba. Ishaƙ bin Imrana, likitan Bagadaza da ya yi aiki a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya a farkon ƙarni na 10, ya rubuta littafi sukutum a kan ciwon baƙin ciki, wanda daga baya aka juya shi zuwa Latin har Turai ta yi ƙarnuka tana karatu da shi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi wani rabo da har yau likitoci ba su wuce shi ba. Ya ce akwai baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar mutuwar masoyi ko asarar dukiya, wanda nasiha da tunatarwa ke sassauta shi. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani sanannen dalili ba, ya hana shi walwala da jin daɗin komai, wanda ya danganta shi da jiki ya ce yana buƙatar magani irin na jiki. A asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 akwai sashen masu ciwon hankali. Al'adar ilmin da Bello ya ɗebo daga cikinta ke nan, wadda ba ta ganin saɓani tsakanin tawakkali da shan magani. Nana Asma'u ma ta tattara ayoyi da addu'o'in neman waraka domin mata, ciki har da na damuwa da tsoro da wahalar haihuwa. Sai dai abin da ke cikin littafi daban, abin da ya sauko zaure da tsakar gida daban.

A tsakar gida, Bahaushe ya yi wa baƙin ciki tanadi mai kyau matuƙar an san daga inda ya fito. In an yi rasuwa akwai zaman makoki, akwai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, maƙwabta na aiko da abinci, ba a barin mai rashi shi kaɗai. Matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki, ba mai tsammanin fara'a daga gare ta. Mai jego tana komawa gidan iyaye, ana dafa mata ruwan wanka, ana dama mata kunun kanwa, wata tsohuwa na kwana da ita har kwana arba'in. Wanda ya raina waɗannan al'adu bai san aikin da suke yi ba, domin sun tsare mutane da yawa daga faɗawa rami. Amma kowacce tana da dalili kuma tana da wa'adi. Baƙin cikin nan na biyu da al-Balkhi ya ambata ba shi da ko ɗaya. Ba wanda ya mutu balle a zo gaisuwa, ba ranar fita balle a ƙirga. Idan arba'in ta wuce mai jego ba ta warware ba, ko takaba ta ƙare bazawara ta ci gaba da ramewa, abin da ya rage shi ne a ce mata ta yi haƙuri, in abin ya yi tsawo a fara cewa baƙin rai gare ta, ko kishi ke cin ta, ko an yi mata sammu. A nan ne malam ke ba da rubutu a sha, boka ya ba da turare, 'yan bori su ce iska ce sai an yi girka. Ko me mutum zai ce game da aƙidar bori, ya kamata a lura da abin da girka ke ba macen da ke kulle: kwanaki ana hidimarta, an ɗauke mata aikin gida, an sa wa ciwonta sunan da ba zargi a cikinsa, miji ya buɗe bakin aljihu. Wanda kuwa ya tuɓe tufafi, ya ɗauki makami, ya shiga kasuwa yana dukan jama'a, shi ne mahaukaci, kuma nasa tanadin turu ne da mari. Tsakanin turu da haƙuri babu wani masauki.

Turawa da suka zo ba su cike wannan giɓi ba, sai ma suka mayar da shi doka. Gidajen mahaukata na farko a Nijeriya, na Kalaba a 1904 da na Yaba a Legas a 1907, wuraren tsarewa ne. Dokar mahaukata ta 1916 ta ba majistare da likitan gwamnati ikon tsare wanda aka ga hankalinsa ya gushe, kuma abin da ya dame ta shi ne zaman lafiyar titi. A Arewa, wadda hedikwatarta ta taso daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, mulkin ya bi ta hannun sarakuna, don haka mai taɓin hankalin da ya gagari danginsa yakan ƙare ne a wani sashe na gidan yarin En'e, dogarai ko 'yan doka suka kawo shi, gandiroba ke tsaronsa. Sai a yi tunanin wa zai shiga irin wannan wuri. Ba mai kai uwarsa gidan yari don ta daina cin tuwo. Wanda ya ƙona rumbu ko ya sari maƙwabci ake kaiwa. Da likitocin mulkin mallaka suka zo ƙirga cututtukan da ke cikin waɗannan gidaje, a nan da sauran ƙasashen Afirka, sai suka tarar masu ciwon damuwa ba su taka kara sun karya ba, suka rubuta cewa baƙar fata ba ya yin wannan ciwo. Sun kafa tarkon da ba ya kama sai mai ihu, sannan suka ɗauki abin da tarkon ya kama a matsayin hoton al'umma duka.

Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne dalilin da suka nemo masa. A Nairobi, wani likitan gwaje-gwaje mai suna F. W. Vint ya auna ƙwaƙwalen gawarwakin 'yan Kenya, ya wallafa a 1934 cewa ɓawon ƙwaƙwalwar baligin Ba'afirke bai wuce na yaron Bature ɗan shekara bakwai ko takwas ba. Gawarwakin nan na talakawa ne da suka mutu a asibiti bayan yunwa da doguwar jinya, amma ba a bari wannan ya ɓata lissafin ba. J. C. Carothers, wanda ya shugabanci asibitin mahaukata na Mathari a Nairobi, ya ɗora a kai. A 1951 ya rubuta cewa Ba'afirke ba ya amfani da gaban ƙwaƙwalwarsa sosai, har ya kamanta shi da Baturen da aka yi wa tiyatar yanke jijiyoyin wannan sashe. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta buga littafinsa a kan tunanin Ba'afirke. A ganinsa, ciwon damuwa na buƙatar mutum mai zurfin tunani, mai tuhumar kansa, mai ɗaukar alhakin abin da ya aikata, shi kuwa baƙar fata komai ya same shi sai ya jingina wa maita da iskoki. Wannan mutumin ne gwamnatin mulkin mallaka ta gayyato a 1955 ya zagaya Nijeriya ya ba da shawara a kan yadda za a tsara kula da masu taɓin hankali. Ya kamata duk mai ɗokin hoton ƙwaƙwalwa ya riƙe wannan tarihi, domin Vint ma awo ya yi, da ma'auni da madubin ƙara girma, kuma alƙalumansa sun yi kama da kimiyya.

Abin da ya rushe wannan gini ba wani sabon awo ba ne. Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila a 1954 ya karɓi asibitin Aro a Abekuta, ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su sauki majinyata a gidajensu, kowane majinyaci da ɗan'uwansa mai jinya, da rana a je asibiti, da dare a kwana cikin jama'a. Ya yi aiki da masu maganin gargajiya, ya saurari majinyata da harshensu, ya kuma fito fili ya ce rubuce-rubucen su Carothers wariyar launin fata ce aka yi wa rigar ilmi. A Ghana, Margaret Field ta zauna a wuraren tsafin Ashanti a tsakiyar shekarun 1950 tana sauraron masu kawo kuka. Ta tarar da mata da yawa, galibi masu manyan shekaru, suna zuwa da kansu suna cewa su mayu ne, su suka ci 'ya'yansu, su suka jawo wa dangi tsiya, ba su cancanci rayuwa ba. A littafinta na 1960 ta nuna cewa wannan shi ne ciwon damuwa tsantsa, da tuhumar kai ɗin da aka ce Ba'afirke ba shi da ita, sai dai ta fito da kayan garin. Sannan Lambo da Alexander Leighton na jami'ar Cornell suka bi ƙauyukan Yarabawa gida-gida, suka wallafa a 1963 cewa alamun damuwa da fargaba sun yawaita ƙwarai. Ciwon yana nan tun fil azal. An gan shi ne ranar da aka bar ƙofar gidan mahaukata aka je inda mutane ke kai kukansu, aka yi tambaya da harshen da suke kuka da shi.

Arewa ba ta samu nata Aro ba. Gwamnatin Sardauna, wadda manyanta da yawa suka zauna a unguwannin da ke kewaye da Unguwar Sarki, tana tseren gina makarantu da masaƙu da horar da ma'aikata, kuma likitocin da take da su ba su isa ko zazzaɓi da ƙyanda ba. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ba ta yi nisa da ta 1916 ba, ita aka ci gaba da aiki da ita. Kundin Final Kod da majalisar Arewa ta zartar a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa a sashe na 231 cewa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ana iya ɗaure shi har shekara guda. Asibitin Barnawa bai samu ba sai a tsakiyar shekarun 1970 a hannun gwamnatin jiha, tarayya ta karɓe shi a shekarun 1990, ga na Kware a Sakkwato da na Dawanau a Kano. Ma'aikatan waɗannan wurare sun yi aiki mai yawa da kayan aiki kaɗan, amma sun gaji sunan da ba su suka jawo shi ba. A bakin jama'a asibitin mahaukata ne, kuma gidan da aka ga an kai 'yarsu can ya san abin da za a faɗa ranar da aka zo neman aurenta ko na ƙanwarta. Don haka mai ciwon damuwa sai ya bi wata hanya. Yakan tsaya a kemis ya ce kansa na zafi, jikinsa ba ƙarfi, zuciyarsa na bugawa, wani abu na yi masa yawo a jiki. A ba shi maganin maleriya, a yi gwajin taifot, a ce olsa ce, a ɗaura masa ƙarin ruwa, bayan wata biyu ya dawo. Kada a ɗauka wannan halin Bahaushe ne kaɗai. Wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 14, har da cibiya a Ibadan, wanda aka wallafa a 1999, ya samu cewa kashi 69 cikin 100 na masu ciwon damuwa da suka je ƙananan asibitoci ciwon jiki kawai suka kai ƙara. Da aka tambaye su kai tsaye game da halin zuciyarsu, mafi yawansu ba su musa ba. Tambayar ce ba a yi.

A wannan tsakanin ita ma tsohuwar hanya ta sauya. Tafsirin da Shaihu Abubakar Gumi ya riƙa yi a masallacin Sultan Bello, wanda Rediyon Kaduna ya kai shi kowane lungu na Arewa, da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, sun matsa wa bori da tsubbu lamba har suka ja baya, musamman a birane. Ta fuskar aƙida malamai sun kawo hujjojinsu, kuma an rage cutar da bokaye ke yi wa mata da dukiyarsu. Amma buƙatar da ke kai mace wurin girka ba ta tafi ko'ina ba. Ruƙiya ta maye gurbin, ta bazu daga shekarun 1990, da cibiyoyin maganin Musulunci masu sayar da habbatus sauda da zaitun da zuma. Ita ma ruƙiya, in aka lura, ta fi sanin mai faɗuwa yana ihu ana magana da aljanin da ke bakinsa. Wadda aka yi wa karatu ta zauna shiru hawaye na zuba, sau da yawa a kan sallame ta da cewa ba komai a jikinta, ta ƙara yawan azkar. Can ƙarshen wannan layi kuma turu bai mutu ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa, waɗanda danginsu suka kai don a gyara musu hali. Duk wannan yana faruwa ne a Kaduna, garin da masaƙunsa na Kakuri suka rufe suka bar dubban magidanta ba aiki, garin da rikicin 2000 da na 2002 suka raba shi gida biyu, garin da 'yan uwan fasinjojin jirgin ƙasan da aka sace a Maris na 2022 suka yi watanni suna jiran labari.

Yanzu ga binciken ƙwaƙwalwa na zamani, wanda ya zo da niyya saɓanin ta Vint, kuma ya samo abubuwa na gaske. A 1996 Yvette Sheline a Amurka ta ɗauki hoton ƙwaƙwalen mata goma da ciwon ya sha dawo musu, ta ga hifokamfus ɗinsu, wato sashen da ke da hannu wajen ajiye abin da aka tuna da daidaita sinadaran tashin hankali, ya fi na sauran mata ƙanƙanta. A 1997 Wayne Drevets ya nuna raguwa a wani ɗan yanki can ƙasan gaban ƙwaƙwalwa, yankin da Helen Mayberg ta dasa wa siririyar wayar lantarki a 2005 wasu majinyatan da magani ya gagara suka samu sauƙi. Daga baya hankali ya koma kan yadda sassan ke magana da juna. An ga cewa rukunin sassan da ke tashi aiki idan mutum ya zauna shiru yana tunanin kansa yakan ƙulle da wancan ɗan yanki na ƙasan gaban ƙwaƙwalwa fiye da kima, abin da ya dace da saƙe-saƙen da majinyaci ke kwana yana yi ya kasa tsayarwa. A 2024 masu bincike a New York suka ruwaito cewa rukunin da ke zaɓar abin da hankali zai karkata gare shi ya kusa ninka faɗinsa a yawancin majinyatan da suka duba, har ma an hango haka a yara kafin ciwon ya bayyana. Amfanin wannan a wurinmu babba ne. Mai cewa ciwon damuwa raunin imani ne ko shagwaɓa yana jayayya ne da abin da ake iya aunawa a jikin mutum, kuma yana jayayya da al-Balkhi tun kafin ya kai ga likitocin Amurka. Ai Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙubu da baƙin ciki ya taɓa masa gani, kuma malaman sira sun sa wa shekarar rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib sunan shekarar baƙin ciki. Wanda imaninsa ya fi na kowa bai tsira daga nauyin zuciya ba, balle a ce wanda nauyin ya zame wa cuta shi ya jawo wa kansa.

To me zai hana a ce maganin matsalarmu shi ne a sayo na'urori, a nuna wa miji hoton ƙwaƙwalwar matarsa ya gani da idonsa ya yarda? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo, domin mutanenmu na girmama hoto da gwaji, kuma gani ya kori ji. Amsar tana cikin binciken kansa. Da aka haɗa hotunan majinyata 1,728 da na masu lafiya 7,199 daga cibiyoyi da yawa aka wallafa a 2016, ƙanƙancewar hifokamfus ta tabbata, amma ba ta kai kashi ɗaya da rabi cikin 100 ba, kuma a wurin waɗanda ciwon ya sha dawo musu ta fito, ba a ga ta a masu karon farko ba. A 2022 masu bincike a Jamus suka gwada mutum kusan 1,800 da kowane irin hoto, suka samu cewa awon majinyata da na masu lafiya sun haɗe da juna da kashi 87 zuwa 95 cikin 100. Wanda zai dogara da hoto ya ce wane na da ciwon wane ba shi da shi, zai dace ne sau 54 zuwa 56 cikin 100, wato kaɗan ya fi mai canke. A binciken nan dai, tambayar mutum ko yana da wanda yake jingina da shi, da ko an cutar da shi yana yaro, ta fi kowane hoto rarrabe majinyaci da mai lafiya nesa ba kusa ba. Bambancin na taron jama'a ne, ba ya fitowa a hoton mutum ɗaya. Idan aka koya wa miji cewa hoto ne shaida, aka kai matar aka kashe kuɗin da ya fi albashin wata, sakamako ya fito ba a ga komai ba, to an ba shi takardar da zai ƙaryata ta da ita har abada. Ga shi kuma kusan duk waɗannan hotuna na Turawa ne da Amurkawa da 'yan gabashin Asiya. Wata ƙididdiga da aka buga a 2018 ta samu na'urorin maganaɗisu masu ɗaukar irin wannan hoto ba su kai 100 ba a duk Afirka ta Yamma. Waɗanda muke da su masu shanyewar ɓarin jiki da ƙari a ƙwaƙwalwa da haɗarin mota sun fi buƙatarsu.

Akwai masu ja ta wani gefen, suna cewa ko dai Carothers yana da 'yar gaskiya, tunda babban binciken da Oye Gureje ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya samu kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na 'yan Nijeriya suka taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani, adadin da ya gaza na Amurka da Faransa sosai. Zai yiwu zaman dangi da jam'in salla da yawan cuɗanya suna ba da kariya, kuma in haka ne abin a riƙe ne da kyau. Amma Gureje ɗin nan, da ya bi tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa, ya wallafa a 2007 cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun taɓa yin ciwon, adadin da ke cikin mafi yawa da aka gani a ko'ina. Al'umma ɗaya, masu bincike ɗaya, sakamako ya bambanta gwargwadon wa aka tambaya da yadda aka yi tambayar. Ko an tsaya a ƙaramin adadin ma, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya ba Nijeriya mutum miliyan 7, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su wuce 300 ba, kuma binciken farko ya nuna ko cikin masu tsananin ciwon hankali, waɗanda suka samu wani magani a shekarar ba su kai ɗaya cikin goma ba. Likitocin Barnawa ko sun kwana a tsaye ba za su ga rabin masu buƙata ba. Abin da aka gwada ya yi aiki ya fi wannan araha. A Ibadan an horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa su gane ciwon su yi maganinsa da zaman tattaunawa da ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi, majinyata da yawa suka warke. A Harare, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraro, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna sauƙi bayyananne. A Ibadan da Kumasi an haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan lafiya suna duba mai taɓin hankali tare, aka wallafa a 2020 cewa majinyatan sun fi samun sauƙi. Mai ruƙiyar da ya san alamun ciwon, ya san lokacin da zai ce wa dangi su haɗa da asibiti, ya fi na'ura amfani ga matar da ba za ta taɓa ƙetare gada ba.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta kawar da ta 1958 bayan shekara 65. Ta ba majinyaci haƙƙin a nemi yardarsa, ta taƙaita tsarewa da ɗaurewa, ta ce a shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. Ci gaba ne na gaske, ko da yake sai jihohi sun ɗauke ta sun sa mata kuɗi kafin ma'aikaciyar asibitin unguwa a Badarawa ko Unguwar Shanu ta samu horon da za ta tambayi mai jego yadda take barci da abin da take saƙawa. Dokar kuma ba ta taɓa hukuncin yunƙurin kashe kai ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari irin su Sniper a kantuna saboda yawan masu sha, amma fiya-fiya na nan a kasuwa ana aunawa a kwalba. Yarinyar da ta sha aka yi sa'a ta rayu, danginta za su ce wa likita kuskure ne, ta ɗauka maganin tari ne, domin suna tsoron 'yan sanda kuma suna tsoron bakin unguwa. Likita zai wanke mata ciki ya rubuta haɗari ya sallame ta, ba wanda zai tura ta wurin mai duba ciwon da ya kai hannunta ga kwalbar, kuma ba za ta shiga kowace ƙididdiga ba. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Majalisar dokokin jihar Kaduna, wadda ke zama a zauren Lugard inda aka zartar da na 1960, tana da ikon yin haka a nata kundin.